Yadda ake fitar da babban nagatif (hoton fim mai baƙi da fari a juye) daga fim ɗin 35mm

Hoton fim ɗin 35mm bai wuce milimita 24 da 36 ba, ga shi kuma bugu irin na sayanotaif ko filatinam (tsofaffin hanyoyin buga hoto da hannu) sai an kwantar da nagatif a kan takardar kai tsaye. Girman nagatif shi ne girman hoton, don haka dole a faɗaɗa shi.

1. Ka tanadi fim na falle irin orto, kamar Ilford Ortho Plus. Jan haske ba ya taɓa shi, za ka iya aiki da jar fitila a kunne.

2. Ka kakkaɓe ƙura daga ƙaramin nagatif. Ɗigo ɗaya zai koma tabo babba.

3. Sa ƙaramin nagatif ɗin a na'urar faɗaɗawa, ka shimfiɗa baƙar takarda, ka ɗora fallen a kai, fuskar da ba ta sheƙi tana sama, sannan ka haska. Fara gwadawa da ɗan yankin falle.

4. Wanke fallen da Dektol (maganin wanke hoto) da aka tsinka da ruwa sosai, a digiri 20 na Salsiyas. Nan ne aikin yake. Abin da zai fito fozitif ne, wato kishiyar nagatif, kuma ana so ya ɗan yi duhu, ba tare da baƙi da fari sun yi tsanani ba. In wuraren haske suka fito tas kamar gilashi, bayanan wurin sun tafi ke nan, ba abin da zai dawo da su. Gara ka sake.

5. Bayan ka sa shi a fiksa (maganin da ke tsayar da hoton), ka ɗauraye, ya bushe, ka haɗa shi fuska da fuska da sabon falle, ka danne da gilashi mai nauyi, ka haska.

6. Wanke wannan ya fi na farko daɗewa don ya yi ƙarfi, ka sa a fiksa, ka ɗauraye, ka rataye.