Yadda zaka sayi memori ko filash a Saudiyya ba tare da an sayar maka da iska ba

Duk shekara in lokacin umara ko hajji ya zo sai wani ɗan uwa ya kira ni daga Makka yace wai ya ga memori mai tera ɗaya a riyal talatin, guda nawa zai saya na tsaraba. Amsata ɗaya ce kullum, Alhaji kar ka sayi ko ɗaya. Ni kaina an taɓa min haka nan Jidda, wani mai tebur a bakin hanya ya rantse min asli ne, na zuba hotunan Hajiyarmu na Arfa da Mina a ciki, da aka koma gida sunayen hotunan suna nan amma ko ɗaya baya buɗuwa, wlh har yau in ta tuna sai ta min gori.

Kafin ka shiga kasuwa ka san daga ina kayan ke fitowa, shi zai hana ka yarda da arahar banza. Abin dake cikin memori da filash da SSD (ma'ajiyar cikin laftof) har da wayarka duk abu ɗaya ne, ɗan cif da ake kira NAND, wanda Toshiba ta fito da shi a Japan a 1987. Masu ƙera shi a duniya basu da yawa, Samsung da SK Hynix a Koriya ta Kudu, Micron da SanDisk na Amurka, Kioxia ta Japan wadda daga Toshiba aka ɓalle ta, sai YMTC ta Sin. Sauran sunayen da kake gani a kwali galibi wajen waɗannan suke saro cif su manna sunansu. RAM kuma, wato memorin da kwamfuta ke riƙe aiki a cikinsa tana kunne, ya fi haka matsi, Samsung da SK Hynix da Micron ne suka riƙe kusan duka kasuwar. A 2023 kaya ya yi yawa farashi ya faɗi har suka rage aiki a masana'antu, lokacin ne muka sha araha. Sai ga guguwar AI, manyan rumbunan kwamfuta suna neman wani RAM mai tsada da ake kira HBM wanda ake haɗawa da cif ɗin AI na kamfanin Nvidia, ribar tana can sai kamfanonin suka karkata can, zuwa ƙarshen 2025 farashin RAM da SSD ya yi tashin gwauron zabi. Micron ma a Disambar 2025 ta sanar zata daina sayar da kayanta masu tambarin Crucial da mu ƙananan masu saye muka saba da su.

Kuma kar kace ai Saudiyya ce komai araha. Eh akwai Alat, kamfanin gwamnatin Saudiyya, da ta ƙulla da Lenovo a 2024 kan masana'anta a Riyad, ga kamfanin Humain da aka kafa a 2025 don harkar AI, amma cif ɗin daga waje yake zuwa, ga harajin kashi 15 a kai. To in wanda ya ƙera abu yana sayar da shi da tsada, yaya mai tebur zai baka shi a kuɗin shawarma biyu?

Sai ka fara duba farashin irin kayan a manyan shaguna irin Jarir ko Extra ta wayarka, ko baka da niyyar saye can, don ka san ma'auni. Daga nan in ka je kasuwar Shari'a Falasɗin a Jidda ko Baɗha a Riyad aka sauko maka kaɗan babu laifi, ciniki ne, amma in aka ce rabi ko ƙasa da haka ka ce masa shukran ka wuce. Ka karɓi fatura mai lambar QR, ka tambayi daman wato garanti, mai shagon da ya fara kame-kame kan fatura ya riga ya faɗa maka komai. In an cuce ka kana da fatura, akwai manhajar Balagh Tijari ta ma'aikatar kasuwanci ko ka kira 1900.

Yanzu babban aikin, gwaji. Jabun memori ba a gane shi da ido, kwalin ma wani lokacin ya fi na asli sheƙi. Abin da suke yi shi ne su ɗauki cif mai giga 16 ko 32 su koya masa ƙarya, ka saka a waya ya nuna tera ɗaya, kana zuba kaya yana karɓa ba musu, da ainihin wurin ya cika sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ya watsar kawai, shi yasa kake ganin suna babu abu. Saboda haka tura bidiyo biyu ka ga sun buɗe ba gwaji bane. Ka samu laftof, ka sauke manhajar H2testw kyauta ce, ka saka memorin babu komai a ciki, ka zaɓe shi ka danna wurin rubutawa da tantancewa. Zai cika shi taf sannan ya karanto abin da ya rubuta, yana ɗaukar lokaci, ka barshi ka je sallah ka ci abinci ka dawo. In ya gama ba kuskure to Alhamdulillah, in ya nuna ja da lissafin gigan da suka ɓace ka maida tun baka bar garin ba. Mai gaggawa ya gwada ValiDrive ya fi sauri, masu Mac ko Linux kuma F3.

Amma fa kar ka je ka tada rigima a shago don 128 ya nuna maka 119 ko tera ya nuna 931, wannan ba cuta bace, kamfani da 1000 yake lissafi Windows kuma da 1024.

In na kyamara ne ko bidiyon 4K ka duba alamar U3 ko V30 a jikinsa, ma'ana baya ƙasa da mega 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Na waya kuma A1 ko A2.

Masu laftof, kafin ka sayi SSD ka duba irin ramin da kwamfutarka ke da shi. SSD iri biyu ne, SATA yana tsayawa wajen mega 550 a daƙiƙa, NVMe yana kai 3500 ko 7000 gwargwadon zamaninsa, kuma ba kowane ramin M.2, wato ramin da ake soka siririn SSD, ke ɗaukar duka biyun ba. In da hali ɗauki mai cif ɗin TLC akan mai QLC, ya fi juriyar rubutu. A ra'ayina wanda aikinsa Word da YouTube ne kar ya ɓata kuɗi kan mai 7000, bazai ji bambanci ba, kuma a wannan tsadar gara ka sayi abin da kake buƙata yau.

Ajiya ta shekaru kuwa, karatuttuka da bidiyon biki da takardun iƙama, ni had dis nake ba da shawarar a saya, har yanzu shi ne mai araha a kowace tera, kuma masu yinsa uku ne suka rage, Seagate da Western Digital da Toshiba. Filash yana riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki a cikin cif, in ya daɗe a ajiye cajin yana zurarewa, zafi kuma yana ƙara masa sauri, kai da kanka ka san yadda cikin mota yake a Makka da azahar a watan Yuli. Had dis shi kuma baya son faɗuwa, a jakar hannu zaka saka shi in zaka tafi, kar ka bada shi awo da kaya. Abin da kake ji da shi ya zama yana wuri biyu aƙalla, ɗaya a Google Drive in ka samu wayfai ɗin otal.

SSD ko had dis na hannu a Haraj kuma, wato dandalin sayar da kayan hannu, kar ka biya sai ka haɗa shi da laftof ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa ya yi yana aiki da tera nawa aka rubuta a kansa, in ya nuna ruwan ɗorawa ko ja ka barshi. Ana iya goge wannan lissafin ma, don haka in dis ɗin duk ƙarce ne a jiki amma yana cewa awa goma kacal ya yi, ka miƙa masa kayansa.