Masu tafiya Birtaniya da kaka, ku nemi filin golf kafin a juya agogo

Jiya da dare a majalisarmu ta nan Birnin Kebbi yara ukku suka tare ni, duk sun samu gurbin karatu a Birtaniya, Satumba za su tashi, tambayoyinsu kuwa kusan iri ɗaya ne, haya nawa, ina ake samun naman halal, wace rigar sanyi za a saya. Na amsa musu gwargwadon sanina, amma da na ce in sun natsu su je su buga golf sai suka kwashe da dariya, ɗaya ma ya ce haba yaya, ai wanga wasan tsofaffin janar-janar ne da masu kuɗin Abuja. Ban ga laifinshi ba, ni ma haka na ɗauka shekarata ta farko a Edinbura, babban birnin Sikotilan.

Kun san mu nan kaka lokacin fita ne, an yanke shinkafa a fadama, gero ya shiga rumbu, ana dambe ana kokawa, kowa na waje. Can kuwa ganye ne zai yi ja ya yi ruwan ɗorawa ya zube, rana ta riƙa gajarcewa kullum. Ƙarshen Satumba a Edinbura magariba na kai wajen ƙarfe 7, amma Lahadin ƙarshe na Oktoba za a maida agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga 5 ba ta cika ba duhu ya shiga, a Disamba kuwa kafin 4 rana ta faɗi. Ni dai daga aji sai ɗaki, sai waya, sai kewar gida, har na fara jin kamar ciwo nike alhali lafiyata lau. Wani dattijo maƙwabcina ne ya ja ni fili wata Asabar, na kai wa ƙwallo duka sau ukku ina dukan iska, shi ko a jikinshi, ya ce in sake.

Dalilin da nike cewa kaka, lokacin zafinsu daga Yuni zuwa Agusta filayen cike suke, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido, kuɗin shiga ya hau, kuma kai ɗan koyo kana fama da ƙwallo wasu na tsaye bayanka suna jira, kunya kaɗai ta ishe ka. Da Satumba ta raba jama'a sun ragu, kana iya bugunka a natse. Filaye da yawa suna rage kuɗi ga mai zuwa da yamma, wajen Nuwamba kuma su koma farashin hunturu. Ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, ƙwallo in ta sauka ba ta gudu da nisa. Ga iska mai sanyi daidai tafiya, don cikakken wasa, wato buga ƙwallo cikin rami 18 ɗaya bayan ɗaya, kusan awa huɗu ne kana taka ƙasa, mu da muka saba da ranar Afrilu ta Kebbi wanga ai hutu ne.

Kada ku fara da manyan kulob. Ku nemi filin da hukumar gari ke kula da shi, a intanet za ka kama lokaci ka biya na ranar kawai, ba sai ka zama mamba ba, kuma ku fara da rami 9. Edinbura akwai Bruntsfield Links a tsakiyar gari, gajerun ramuka ne kuma kyauta in ka zo da sandarka da ƙwallonka. Sanduna ma kada wanda ya sayi sababbi, doka ta ce kada jaka ta wuce 14 amma huɗu ko biyar sun ishi ɗan koyo, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da Facebook cike suke da na hannu.

Abin da zai ba ku haushi shi ne ganye. Farar ƙwallo ta shige ƙarƙashin busasshen ganye kana tsaye kanta ba ka gani, kuma tun 2019 minti ukku kacal doka ta ba ka na nema, don haka ku sayi masu launin ruwan ɗorawa, masu araha, da yawa. In kun ga an huhhuda ciyawar bakin rami an zuba yashi ba lalacewa ta yi ba, gyaran kaka ne don ruwa ya riƙa shigewa. Takalmin da ruwa ba ya ratsawa ya fi sanda mai tsada amfani, raɓar safiya kaɗai sai ta jiƙa maka safa. In wani zai buga a yi shiru, in ƙwallonka ta nufi mutane ka ɗaga murya ka ce fo, in kai ka ji an faɗa ka duƙa ka rufe kai, kada ka tsaya waige.

Sai batun sallah. Daga Nuwamba azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna ƙwarai, shi ya sa na fi son fita da safe, in na makara kuma in tafi da alwalata da 'yar darduma cikin jaka, ni dai ba a taɓa hana ni yin sallah gefen bishiya ba. Bayan wasa za su ce a shiga ɗakin kulob, eh ana saida giya a ciki, amma shayi ma akwai, can na san mutumin da ya nuna mini gidan da nike haya yanzu.

Wanda ke Sikotilan ya shiga bas wata Lahadi ya je garin St Andrews ya ga tsohon filin da aka tsaida adadin rami 18 a 1764. Galibin Lahadi ba a wasa a kai, jama'a ke yawo da 'ya'yansu, sai dai ku duba kada ku dace da makon gasar Dunhill da ake yi wajen farkon Oktoba. Ni ma ƙarshen wata zan koma, akwai tsohuwar jaka da sanduna shida bayan ƙofata, cikin ku ukkun wanda ya riga zuwa da kilishi shi ke da ita.