Yadda zaka shigo da sabon tsari a kamfanin da ya dade

Abu na farko dai, kar ka shiga ofishin oga kace Alhaji mu canza komai. Wlh ranar zai daina sauraronka, mutumin da ya shekara 30 yana juya kudinsa a Sabon Garin Zariya bazai yarda da magana kawai ba.

Ka fara da kasa. Zauna da direbobi da yaran sito da wanda yake kan kanta, su suka san abinda kwastoma yake korafi akai, ni a wajen mai lodi naji cewa mutanen Giwa sun daina zuwa ne saboda buhun 50kg yayi musu nauyi a aljihu, karamin kulli suke so.

To sai ka dauki abu daya tak ka gwada a reshe daya, misali na Samaru, wata uku, da kudin da in sun tafi bazasu girgiza kamfani ba. Kullum ka rubuta ciniki a littafi ko a waya, don lissafi zaka kaiwa Alhaji.

In harkar iri ko abincin kaji kuke, ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru ga ta binciken kiwon dabbobi NAPRI a Shika, ku shiga kuyi tambaya dan Allah, abin yana damuna yadda muke wuce su a mota kullum.

Tsoron sabon abu yana da hadari: kamfanin Kodak su suka kera kyamarar dijital a 1975 amma suka ji tsoron ta kashe musu cinikin fim din daukar hoto, 2012 suka karye.

In gwajin yayi kyau, ka ambaci sunan yaron da ya kawo shawarar a gaban kowa, sannan a kai tsarin reshen Tudun Wada.