Yadda za ku kula da ɗanku idan ya fara shan maganin ciwon damuwa

Aikin jinya nake yi a Jos, kuma kullum ina gaya wa iyaye cewa makonnin farko na shan maganin nan ne suka fi buƙatar sa ido, musamman in dama yaron yana yankar jikinsa ko yana ƙona fatarsa.

Magunguna irin su fluoxetine da sertraline suna ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, amma sauƙi ba ya bayyana sai bayan mako 2 zuwa 6. Kafin nan wasu matasan kan rasa barci, su cika da fargaba, tunanin cutar da kai ya ƙaru. Shi ya sa a 2004 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa aka buga gargaɗi a kan irin waɗannan magunguna game da yara, a 2007 ta faɗaɗa shi har zuwa masu shekara 24. Maganin yana taimakon mutane da yawa, kada gargaɗin ya sa ku ƙi shi.

Maganin ya zauna a hannun Mama ko Baba, a kulle, a riƙa ba shi na ranar kawai. A ɗauke reza da sauran ƙwayoyin gida daga ɗakinsa.

Ku lura da ƙafafunsa. Idan ya kasa zama wuri guda, yana ta safa da marwa a tsakar gida, yana cewa "Mama, jikina ne ya hana ni zama", wannan ba rashin ji ba ne. Likitoci na kiransa akatisiya. Ya fi zuwa wa masu shan magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone, amma magungunan damuwa ma kan jawo shi. Azabarsa kan kai mutum ga ji wa kansa ciwo. A ranar za ku koma wa likita, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.

Sanyin Jos na ɓoye rauni, kowa sanye da rigar sanyi. In zafin watan Maris ya shigo yarinya ta ƙi rabuwa da dogon hannu, ku zaunar da ita ba tare da faɗa ba, ku tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin cutar da kanki?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa.

Kada a tsayar da maganin farat ɗaya don an ga sauƙi ko don wata gwaggo ta ce a bari. Jiri da firgita kan biyo baya. In yana shan tramadol a ɓoye, ku gaya wa likita ko da da kunya, domin haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo farfaɗiya.

In raunin ya yi zurfi, ko ya ce ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai. Ku wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko asibitin da ya fi kusa, ku tafi da kwalin maganin.