Yadda Ake Barin Mai Saye Ya Yanke Farashi Da Kansa

Wannan dabara ta bambanta da ciniki, domin a ciniki mai saye yana tayawa, mai kaya kuma yana da ikon ya sallama ko ya ƙi. A nan kuwa mai kaya ya riga ya ɗaure kansa cewa duk abin da aka miƙo masa zai karɓa, ko da bai kai uwar kuɗi ba. Saboda haka aikin duka yana kan abin da ka shirya kafin mai saye ya sa hannu a aljihu.

Da farko, ka zauna ka lissafa nawa kowane ƙarin guda ɗaya yake ci maka. Idan abin da kake sayarwa waƙa ce ko manhaja ko darasi da ake saukewa ta intanet, mutum dubu da suka ɗauka a banza kusan ba su rage maka komai ba, wataƙila ma sun yi maka talla. Wannan ne ya sa ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Radiohead ta iya sakin kundin waƙoƙinta a watan Oktoba na 2007, ta bar wa kowa ya rubuta abin da zai biya, har da sifiri. Amma idan kowane guda yana cin kayan haɗi da ladan ma'aikaci da kuɗin haya, duk wanda ya biya ƙasa da kima daga jarinka ya ɗiba. Kamfanin Panera na Amurka ya buɗe gidajen abinci a kan wannan tsari tun daga 2010, har suka kai biyar, amma a 2019 aka rufe na ƙarshensu a Boston. A ganina, wanda bai san uwar kuɗin kayansa dalla-dalla ba, bai kamata ya wuce wannan mataki ba.

Bayan haka, ka zaɓi kaya guda ɗaya, ka kuma sa wa gwajin wa'adi, mako biyu ko wata ɗaya, kana mai sanar da ranar rufewa tun farko. Sauran kaya su zauna a kan farashinsu.

Mataki na uku shi ne ka ba mai saye ma'auni. Mutumin da aka ce masa "biya abin da ka ga dama" ba tare da wani adadi a gabansa ba yakan tsaya yana juya kuɗi a hannu, yana satar kallon na kusa da shi don ya ga nawa ya bayar, wani lokaci ma ya ajiye kayan ya fita don kada ya ji kunya. Ka rubuta a fili abin da aka saba sayar da kayan, ko matsakaicin abin da mutane suke biya, sannan ka bar masa zaɓi. Kalmomin ma suna da tasiri: "abin da ka ga ya dace" yana tuna wa mutum adalci, "abin da ka ga dama" kuwa kamar izini ne na ya ba da komai ƙanƙantarsa. Idan kayan suna cin kuɗi, babu laifi ka sa mafi ƙarancin abin da za ka karɓa.

Sai kuma dalilin biya, wanda nan ne mafi yawan masu gwadawa suke sakaci. A 2010 mujallar Science ta buga binciken Ayelet Gneezy da abokan aikinta, waɗanda suka gwada sayar da hoton tunawa ga mutum sama da 113,000 a wani wurin shaƙatawa. Da aka sa farashi dala 12.95, kashi 0.5 cikin 100 ne kawai suka saya. Da aka bar wa mutane zaɓi, masu saye suka haura kashi 8, amma matsakaicin abin da suka biya santi 92 ne. Da aka ce su biya abin da suke so, rabi kuma zai tafi ga aikin agaji, kimanin kashi 4.5 suka saya, matsakaicin biya ya tashi zuwa dala 5.33, kuma a nan aka fi samun riba. Abin lura shi ne masu saye sun ragu da aka ambaci agaji, domin mutane da yawa sun gwammace su haƙura da hoton da a ce sun ba da abin da zai zubar musu da mutunci a idon kansu. Don haka ka faɗi gaskiyar inda kuɗin zai je, ka karɓa hannu da hannu idan zai yiwu, kuma ka nemi biya bayan mutum ya ɗanɗana ko ya ga aikin, lokacin da yake jin an yi masa alheri. Kada dai ka tsare shi da ido yana ƙirga kuɗi, domin wanda aka kunyata ba ya dawowa.

Daga ranar farko ka riƙa rubuta yawan masu saye da abin da kowa ya biya, ka ware sababbi daga waɗanda suka saba zuwa. Matsakaicin biya shi kaɗai yana yaudara, sai ka ninka shi da yawan mutane, ka cire abin da ka kashe, sannan ka kwatanta da ribar makonnin da farashi yake a tsaye. Ka sa ido musamman kan ko adadin yana sauka mako bayan mako yayin da ɗokin sabon abu yake gushewa. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya shafe kusan shekara 50 yana barin baƙi su biya abin da suka so, amma da masu biyan cikakken kuɗin da aka ba da shawara suka yi ta raguwa, a watan Maris na 2018 ya wajabta dala 25 ga yawancin waɗanda ba mazauna jihar New York ba. Idan littafinka ya nuna irin wannan gangara, ka mayar da farashi a ranar da ka sanar tun farko.