Yadda Ake Neman A Mayar Da Shari'a Kusa Da Shaidu A Legas

Babbar Kotun Jihar Legas kotu ɗaya ce, amma tana zama a rassa daban-daban, ciki har da Ikeja, Ikorodu, Badagry da Epe. Idan rikicin bashi ko na ciniki ya kai ka gabanta, kuma shaidunka 'yan kasuwar Alaba Rago da ke Ojo ne alhali an shigar da ƙarar a Epe, kana iya neman a mayar da ita reshen da ya fi kusa da su.

Da farko, lauyanka ya duba ƙa'idojin kotun na 2019. A ƙarƙashinsu, ƙarar fili tana bin inda filin yake, ta yarjejeniya kuwa tana bin inda ya kamata a cika alƙawarin ko inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake kasuwanci. Ikon ɗauke shari'a daga wani reshe zuwa wani yana hannun Babban Jojin Jiha, saboda haka gare shi ake miƙa buƙatar a rubuce, tare da sanar da ɗaya ɓangaren domin ya mayar da martani.

Takardar rantsuwar da za ta raka buƙatar ita ce ƙashin bayan aikin, kuma a nan ne mutane suka fi sakaci. Cewa “shaiduna suna nesa” ba ya wadatarwa. A ambaci kowane shaida, unguwarsa, abin da zai faɗa da dalilin da ya sa ba za a iya yi ba sai da shi, sannan a bayyana wahalar da ke gabansa: tsufa ne, ko rashin lafiya mai takardar likita, ko rumfar da za a rufe yini guda saboda cunkoson hanya. Wahalar shaida za a jaddada, ba jin daɗin mai ƙara ko na lauyansa ba. Idan shaidan Hausa kaɗai yake ji, a nemi tafinta tun a lokacin.

A ganina, lokaci ya fi komai muhimmanci. A nema kafin a fara sauraron shaidu, domin idan shari'a ta koma hannun sabon alƙali, yawanci daga farko ake sake ta.

Kotun Legas ba ta da hurumin tura ƙara zuwa Babbar Kotun Jihar Kano. Idan shaidan yana Arewa, lauya ya roƙi a karɓi shaidarsa ta bidiyo.