Yadda ake sabunta manhajoji a Debian da Ubuntu ta hanyar apt

Debian da Ubuntu nau'o'in Linux ne, apt kuma shi ne manhajar da ke girkawa da sabunta manhajoji a cikinsu. Umarni biyu ne ke yin aikin, ana buga su a terminal (tagar rubuta umarni), kuma sai an bi su a jere. Na farko, `sudo apt update`, ba ya girka komai. Sabon jerin manhajoji da sigoginsu kawai yake ɗaukowa daga intanet. Idan ka tsallake shi, apt zai yi aiki da tsohon jeri, ko dai ya ce maka babu sabon abu, ko ya nemi fayil ɗin da aka riga aka cire, sai ka ga kuskuren 404, wato ba a samu fayil ɗin ba.

Daga nan sai ka buga `sudo apt upgrade`. Kafin ya fara zai nuna abin da zai sabunta da yawan datar da zai sauke. Ka karanta kafin ka danna Y.

Wannan umarnin ba ya cire manhajar da ke kan kwamfuta, shi ya sa wani lokaci yake ajiye wasu a gefe, ya rubuta "kept back". `sudo apt full-upgrade` na iya warware hakan, amma shi yana cirewa, don haka ka duba jerin abin da zai cire da kyau. In ka ga manhajar da kake aiki da ita a ciki, danna N. A Ubuntu kuma akan saki wasu sabuntawar kashi-kashi, waɗannan jira kawai suke so na 'yan kwanaki.

Babban haɗarin shi ne katse aikin ana tsakiyar girkawa. Laptop ka jona ta da caja, sabar da kake shiga daga nesa ta SSH kuma ka yi aikin cikin tmux, manhajar da ke barin aiki ya ci gaba ko da haɗin ya yanke. In ya katse, `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt --fix-broken install` ne gyaran.

Idan apt ya ce "Could not get lock", wani aikin apt ne ke gudana, sau da yawa unattended-upgrades, mai yin sabuntawa da kansa a bayan fage. Ka jira ya gama, kar ka goge fayil ɗin kullen.

Idan ya tambaye ka kan fayil ɗin saiti da ka taɓa gyarawa, D zai nuna bambancin, N zai bar naka.

Tsofaffin kernel (zuciyar Linux) kan cika /boot, inda ake ajiye su, kuma `sudo apt autoremove` na share su. Sabon kernel kuwa ba ya fara aiki sai ka sake kunna kwamfutar.